Jean Ritchie, ɗiyar duwatsu wadda ta fito da molon gidansu duniya (1922-2015)

Masu iya magana sun ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. To, ya ku masu karatu, yau mun kawo muku tarihin wata mata ta ƙasar Amurka wadda ta bar gida tun tana budurwa, ta yi zaman birni fiye da shekara 60, amma gida bai bar ta ba, domin ta tafi da shi a bakinta da kuma bisa cinyarta. Sunanta Jean Ritchie. Waɗanda suka yi lakwal da faransanci kada su ruɗe, a bakin Ingilishi wannan suna na mata ne, kuma Jin ake faɗinsa. Ita ce ta ɗauko wani abin kiɗa mai suna dalsima daga cikin lungunan duwatsu a lokacin da masu kaɗa shi suka ƙaranta, ta nuna shi ga mutanen birni, ta rubuta yadda ake koyonsa, har ya zama abin da dubban mutane ke taruwa dominsa.

Ƙasar da aka haife ta

An haifi Jean Ritchie ran 8 ga watan disamba 1922, a wani ɗan ƙauye da ake kira Viper, cikin gundumar Perry, a gabashin jahar Kentaki. Wannan yanki yana cikin jerin duwatsun Apalash, waɗanda suka miƙe daga arewa zuwa kudu a gabashin Amurka. Ƙasa ce ta tuddai da kurmi da kwazazzabai, kowane gida yana cikin kwarinsa a bakin ƙorama, kuma hanyar mota ba ta iso wurare da yawa ba sai daga baya. Yawancin mutanen wurin jikokin waɗanda suka ƙetaro teku ne daga Ingila da Iskotilan da arewacin Ailan a ƙarni na 18. Suna noman masara a jikin tudu, suna kiwon ƴan dabbobi, abin da suka ci suka sa, yawancinsa daga hannunsu ya fito. Saboda wuyar shiga da fita, waƙoƙin da kakanninsu suka zo da su sun zauna a bakinsu, alhali a can inda aka samo su wasu an fara mance su.

Uban Jean, Balis Ritchie, manomi ne, ya taɓa zama mushen lakwal, yana kuma da ɗan injin ɗab'i wanda har ya buga ƙaramin littafin tsofaffin waƙoƙi da shi. Uwarta sunanta Abigail. Ƴaƴa 14 suka haifa, yawancinsu mata, Jean ce auta. A gidan nan waƙa tana tafiya da kowane aiki. Ana yi wurin wankin kwanoni, ana yi wurin kaɗa nono, ana yi a gona, da maraice kuma, bayan an ci abinci, sai a taru a barandar gida a yi ta rerawa har dare ya yi. A majami'ar da suke zuwa ba a shiga da abin kiɗa ko ɗaya. Mai ja gaba ne zai faɗi ɗango, jama'a su karɓa su ja shi a hankali. Wannan ya sa tun tana ƙarama ta saba da waƙar da murya kaɗai ke ɗauke da ita.

Tun kafin a haife ta sunan gidansu ya shiga littafi. Wani masani ɗan Ingila mai suna Cecil Sharp ya yi yawo cikin duwatsun Apalash tsakanin 1916 da 1918, tare da mai taimaka masa Maud Karpeles, suna rubuta waƙoƙi daga bakin mutane, har suka tara wajen 1600. A 1917 ya zo gabashin Kentaki, ya sami wasu daga cikin yayyen Jean a lakwal, suka rera masa na gidansu, ya rubuta. Ashe auta da ba a haifa ba tukuna ita ce za ta rama wannan ziyara bayan shekara 35.

Mene ne dalsima?

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu bayyana wannan abin kiɗa, tun da yake yawancinmu ba mu taɓa ganinsa ba. Dalsima dogon akwati ne siriri na katako, tsawonsa bai cika metir guda ba. Na Kentaki ƙugunsa a tsuke yake kamar kalangu, na jahar Birjiniya kuwa ciki ɗaya gare shi, ya yi kama da dogon ganye. Bisa fuskar akwatin akwai ƴan huji, sau da yawa masu siffar zuciya, ta nan amo ke fita. An shimfiɗa wani siririn katako daga kai har gindi, an gicciya masa ƴan ƙarafa, kowane ƙarfe da muryarsa, sa'an nan aka ja tsirkiya 3 ta waya a bisa. Ba a rungumarsa a ƙirji kamar molo ko garaya. Mai kiɗa zama yake yi ya kwantar da shi bisa cinya. Da hannun dama yana sharar tsirkiyoyin duka da gashin fiffiken dinya ko na talotalo, da hannun hagu kuma yana riƙe da ɗan itace kamar yatsa, yana zamar da shi bisa tsirkiyar da ke kusa da cikinsa. Wannan tsirkiya ita ke faɗin waƙa, sauran biyun suna riƙe da amo ɗaya ba canji, kamar kukan zuma a cikin amya. Muryarsa ƙanƙanuwa ce, ta cikin ɗaki, ba ta dandali ba.

Masana sun bi asalinsa sun tarar da cewa ya fito daga wani abin kiɗa na Jamusawa da suka zauna a jahar Pensilbaniya. Da mutane suka yi ta gangarowa kudu, sai abin ya biyo su, ya shiga hannun masassaƙan duwatsu, suka canza masa siffa a farkon ƙarni na 19. A gabashin Kentaki wanda ya fi suna wurin ƙera shi shi ne James Edward Thomas, wanda ya rayu daga 1850 zuwa 1933. Ya fara a 1871, ya ƙera wajen 1500 a rayuwarsa, kowane ɗaya yana manna masa ƴar takarda a ciki mai lamba da kwanan wata, ya ɗora su a ɗan amalanke yana bin kwari kwari yana sayarwa. Bayansa Jethro Amburgey ya ɗauki sana'ar bisa tsarinsa, yana kuma koyar da aikin katako a lakwal ɗin garin Hindman, wadda aka buɗe a 1902. Duk da haka, a lokacin ƙuruciyar Jean masu dalsima ƙalilan ne. Gita da banjo sun fi shi ƙara, samari sun fi son su, rediyo kuma ya fara kawo kiɗan birni har cikin kwari.

Koyon sata

Balis Ritchie yana da dalsima, amma ya hana ƴaƴansa taɓa shi. In ya ga dama sai ya ɗauko ya kaɗa shi kaɗai, yara su yi tsit suna saurare, in ya gama ya mayar. To, abin da aka hana yaro shi yake so. Jean tana ƴar ƙarama, in uban ya fita sai ta lallaɓa ta ɗauko, ta ɓuya, tana lalube tana kwaikwayon abin da ta ga hannunsa na yi, kafin ya komo ta mayar inda yake. Ran da ya ga ta isa a koya mata, ya ɗora mata shi bisa cinya, sai ya ga hannunta ya faɗa nan da nan. Ya ɗauka baiwa ce aka haife ta da ita, bai san ta riga ta daɗe tana karatu a ɓoye ba.

Daga baya ta fito da salon kanta. Maimakon dalsima ya maimaita abin da bakinta ke rerawa, sai ta riƙa sa shi yana bin wata hanya dabam wadda ta dace da muryarta, kamar mutum biyu suna waƙa tare. Amma manyan tsofaffin waƙoƙin labari, na sarakai da masoya da kisan kai, ta fi son rera su da murya tsura, yadda ta ji su a gida.

Daga lakwal zuwa birnin Niyok

Gidan Ritchie gida ne mai son ilmi. Jean ta gama lakwal a Viper, ta shiga kwalejin Cumberland, a lokacin yaƙin duniya na biyu ta yi aikin koyar da yara, sa'an nan ta wuce jami'ar Kentaki a birnin Lexington, inda ta sami diplom na aikin kula da jin daɗin jama'a a 1946, tana cikin ɗaliban da suka fi ƙoƙari. Ba da daɗewa ba ta sami aiki a Niyok, a wani gidan taimakon jama'a da ke titin Henry, wanda wata ma'aikaciyar jiyya, Lillian Wald, ta kafa a 1893 domin talakawa da baƙin da suka cika unguwar.

A nan ne rayuwarta ta zo mararraba. A wancan zamani mutanen birni suna yi wa mutanen duwatsu kallon ƙauyawa jahilai, ana dariyar maganarsu, ana zana su a jaridu ba takalmi. Yawancin waɗanda suka yi karatu suka fito, abin da suke fara yi shi ne gyara harshe da ɓoye inda suka fito. Jean ba ta yi haka ba. Da aka ba ta yara ta kula da su, sai ta koya musu wasanni da waƙoƙin da ta yi a tsakar gidansu, ta kawo dalsima tana kaɗa musu. Yara suka so abin, manya suka fara leƙowa, aka fara gayyatarta gidaje da makarantu. Mutanen Niyok ba su taɓa ganin irin wannan akwati ba, ko'ina ta je sai an tambaye ta sunansa.

Labarinta ya kai kunnen Alan Lomax, babban mai tattara waƙoƙin gargajiya, ya ɗauki muryarta a 1949 da 1950 domin ɗakin ajiyar littattafai na Majalisar Dokokin Amurka a Washinton. A 1950 ta auri George Pickow, mai ɗaukar hoto, ɗan birni, wanda ya zama abokin aikinta har mutuwa ta raba, suka haifi ƴaƴa maza biyu. A 1952 kamfanin Elektra, wanda a lokacin bai daɗe da kafuwa ba, ya fitar da faifanta na farko, na waƙoƙin gidansu.

Bin waƙa har gidan kakanninta

A wannan shekara ta 1952 ta sami bursu na Fulbright, watau kuɗin da gwamnatin Amurka ke ba masu bincike su je wata ƙasa. Abin da ta nema shi ne ta bi sawun waƙoƙin gidansu har inda suka fito. Ita da mijinta suka yi wata 18 suna yawo a Ingila da Iskotilan da Ailan, da injin ɗaukar magana da na ɗaukar hoto. Dabararta mai sauƙi ce. In ta shiga gida ba ta fara da tambaya kamar mai bincike, sai ta rera tata, mai gida ya ji ya gane, ya ce ai su ma suna da ita, ya rera tasa. Ta haka ta ɗauki muryar mawaƙa irin su Jeannie Robertson a Iskotilan, da Sarah Makem da Séamus Ennis a Ailan. A 1954 aka fitar da faifai daga wannan tafiya, inda aka jera waƙar Kentaki kusa da ƴar'uwarta ta ƙetaren teku, mai saurare ya ji da kunnensa abin da ya canza da abin da ya zauna cikin shekara kusan 200 na rabuwa. Hotuna da muryoyin da suka ɗauka a Ailan suna ajiye a jami'ar garin Galway.

A 1955 ta buga littafin tarihin gidansu, Singing Family of the Cumberlands, inda kowace waƙa ta zo tare da labarin wanda ya rera ta da lokacin da ake rera ta. A 1959 tana cikin waɗanda suka yi waƙa a bikin farko na kiɗan gargajiya na garin Newport, wanda ya zama matattarar samarin da suka juyo ga waƙoƙin da.

Masassaƙa a ƙarƙashin gada

Duk inda ta kaɗa dalsima sai mutane su ce suna son irinsa, ga shi kuwa babu kantin da ke sayarwa. Masassaƙan Kentaki ƴan kaɗan ne, ba za su iya biyan bukatar ba. Sai ita da mijinta da wani kawunsa, Morris Pickow, suka buɗe ƴar masassaƙa a unguwar Brooklyn, ƙarƙashin gadar Williamsburg. Kawu yana haɗa akwati, miji yana gogewa yana ƙarasawa, ita kuma tana ɗaure tsirkiya tana daidaita murya. Sun ƙera fiye da 300.

Amma abin kiɗa ba malami, katako ne kawai. Wanda ya saya a wani gari mai nisa ba shi da uban da zai leƙi hannunsa. Don haka ta zauna ta rubuta abin da a da ba a rubuta shi: yadda ake ɗora shi bisa cinya, yadda ake fere gashin dinya, yadda ake murɗa tsirkiya a sami muryar waƙar farin ciki ko ta baƙin ciki, da inda ɗan itace zai tsaya a kowane ɗango. Aka buga wannan a 1963 da sunan The Dulcimer Book, ya zama littafin da tsara guda ta koya da shi. A 1975 ta ƙara wani, Dulcimer People, inda ta kawo labarin masu ƙerawa da masu kaɗawa, tsofaffi da sababbi.

Daga nan abin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Richard Fariña ya kaɗa shi da sabon salo, ƙungiyar Rolling Stones ta Ingila ta sa shi a wata waƙa a 1966, Joni Mitchell ta yi amfani da shi a faifanta Blue na 1971. Aka kafa ƙungiyoyi a garuruwa, inda ake zama a da'ira, gwani da ɗan koyo, kowa da nasa bisa cinya, ana kaɗa waƙa ɗaya a hankali har na baya ya kamo. A 1975 aka fara buga mujalla ta masu dalsima kaɗai. Masu tara kayan tarihi kuma suka shiga neman tsofaffin da aka jefar a rumbuna, suna leƙa hujin nan mai siffar zuciya ko za su ga lambar Thomas.

Gaskiya ce, abin da ya fita duniya ba ya komowa yadda ya tafi. An ƙara masa tsirkiya ta 4, an ƙara wani ƙarfe a tsakani domin a sami muryar da tsohon ba shi da ita, da yawa sun ajiye gashin dinya da ɗan itace suna danna tsirkiyoyi da yatsu kamar gita. Masu kaɗa shi a birane sun ninka na duwatsu nesa ba kusa ba. Jean ta ga duk wannan da idonta, ita dai ta ci gaba da kaɗa nata a hankali yadda ta saba.

Haƙƙin gida da baƙin ruwa

Fitar da kayan gida kasuwa yana da nasa haɗari. A 1963 Bob Dylan, wanda tauraronsa ke hawa a lokacin, ya ɗauki karin wata tsohuwar waƙa ta gidan Ritchie, Nottamun Town, ya ɗora mata sababbin kalmomi na sukar masu cin ribar yaƙi. Jean ta ɗaga magana cewa daga gidansu karin ya fito, aka daidaita ba tare da an kai ga hukuncin alƙali ba, aka biya ta.

Abin da ya fi wannan ciwo yana can gida. Gabashin Kentaki ƙasar gawayin ƙasa ce. Tun wajen 1900 kamfanoni sun saye abin da ke ƙarƙashin gonakin mutane da ƴan kuɗi kaɗan, da takardun da suka ba su ikon fito da shi ta kowace hanya. Waɗanda suka sa hannu suna tsammanin rami za a haƙa. Da manyan injuna suka zo, sai aka riƙa feɗe jikin tudu gaba ɗaya, ƙasa ta zubo cikin kwari, ƙoramu suka gurɓace, jikokin masu gona suna kallo ba su da ta cewa. Inda gawayi ya ƙare kuma, kamfani ya tashi, jirgin ƙasa ya daina tsayawa, gari ya mutu.

A shekarun 1960 Jean, wadda aka sani da waƙoƙin kakanni, ta fara tsara nata a kan wannan masifa. Black Waters ta yi maganar ruwan da ya baƙanta, wata kuma ta yi maganar garin da jirgin ƙasa ya daina tsayawa, wadda Johnny Cash ya rera daga baya. Da fari ba ta sa sunanta ba, ta ari sunan Than Hall, domin kada ta tayar wa tsohuwarta hankali da maganar siyasa. Waƙoƙin sun shiga bakin masu gwagwarmaya. A 1988 mutanen Kentaki suka jefa ƙuri'a aka gyara tsarin mulkin jahar, aka rage ikon waɗannan tsofaffin takardu, ko da yake haƙar gawayi ta hanyar rushe tuddai ba ta tsaya a nan ba.

Ƙarshen rayuwarta

Ta ci gaba da waƙa da koyarwa har tsufa. Faifanta None But One na 1977 ya sami lambar yabo ta mujallar Rolling Stone. A 2001 jahar Kentaki ta ɗauki dalsima a matsayin abin kiɗanta na hukuma, a 2002 kuma gwamnatin Amurka ta ba Jean babbar lambar girma da take ba masu riƙon al'adun gargajiya. Mutane suna yi mata laƙabi da uwar waƙoƙin gargajiya.

A watan disamba 2009 ciwon shanyewar jiki ya kama ta, ya taɓa maganarta. Bayan shekara guda mijinta ya rasu. Aka komo da ita Kentaki, ta zauna a garin Berea, a nan ta rasu ran 1 ga watan yuni 2015, tana da shekara 92.

Ya ku masu karatu, Balis Ritchie ya tsare dalsimarsa da hana kowa taɓawa, ɗiyarsa kuwa ta tsare shi da miƙa wa duk wanda ya tambaya. Ta yi karatu har jami'a, karatun bai sa ta ji kunyar abin da ta tarar a barandar gidansu ba. Da shi ta rubuta sunan wanda ya rera kowace waƙa, da shi ta nemi haƙƙin gidansu, da shi ta bar wa wanda bai taɓa ganin Viper ba hanyar ɗaure tsirkiya 3 ya fitar da waƙa. Wanda ya koyi karatu da rubutu, yana kuma da tsoho a gida mai wani abu a ka, ga abin da wata ta yi da nata alƙalamin.